Daminar da Injin Yaya Lawali Ya Yi Ɗingishi

Bana gulbi ya cika har ya taɓa saiwar tsamiyar mashaya. Na je gida a tsakiyar damina, na tsaya bakin ruwa da safe ina kallon Nasiru, ɗan wana, yana fitar da mutane zuwa gonakin ƙetare. Injin da ke bayan kwalekwalensa sabo ne, ja ɗaya yake tashi, muryarsa a miƙe ba gargada. Ina saurare sai na lura kunnena yana jiran wani abu, wani ɗan giɓi inda bugu ɗaya ke ɓacewa a tsakanin bugu biyu. Giɓin bai zo ba. Amma jiran nan ya mayar da ni wata damina, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, lokacin da abincin ƙauyenmu ya rataya a kan tsohon injin ubansa.

Ƙauyenmu yana kan tudu tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. Gidaje suna wannan gefe na gulbi, mafi yawan gonaki suna wancan. Da rani gulbin yashi ne kawai, jaki ma ba ya sanin ya ƙetare shi. Da damina ruwa kan zo daga kudu, wani lokaci ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, ya yi ƴan kwanaki ya janye. A waccan shekara ya zo ya zauna. Ja ne wur, yana ɗauke da karare da rassan itace, kuma ana jin rurinsa daga cikin ɗaki.

Shekarar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Kafin a yi shuka an riga an share gindin rumbu da tsintsiya. Na bar aikin da nake yi a Maradi na dawo gida don noma, na tarar da gidan ya koyi wani sabon tsari. Da asuba Inna takan zubar da ruwan anza ta sake wani, domin ƴaƴan anza sai sun kwana suna jiƙa ana canza musu ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Da hantsi Rabi, matar wana Yaya Lawali, takan dawo daga bayan gari da ƙwarya cike da tafasa. A dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli idan akwai. Hura ta koma farau-farau, ruwa ne da ƙamshin gero, kana iya ganin fuskarka a ƙasan ludayi. Wanda ya samo garin rogo daga kasuwar Gidan Rumji ba ya jiƙa shi a tsakar gida, don kada yaran maƙwabta su tsaya suna kallo. Yunwar ba ta ihu. Tana sa mutum ya zauna a tsakiyar aiki ba tare da ya yi niyyar zama ba.

Amma gero a ƙetare ya yi kyau. An yi noman fari kafin ruwa ya tare hanya, saura maimai. Daga kan tudu muna hangen gonakin, kore shar, kuma mun san rabin koren nan ciyawa ce. Idan ba a shiga da hauya cikin ƴan kwanaki ba, harkiya za ta shaƙe geron, mu sake shekara irin wadda muke ciki. Dattawa suka yanke shawara a yi gayya, gari duka a ƙetare tare, a bi gona bayan gona, tunda babu gidan da ke da ƙarfin noma tasa shi kaɗai. Zagayawa ta gada tafiya ce da mai cin tafasa ba zai yi ya kuma riƙe hauya ba. Hanya ɗaya ce, jirgin Yaya Lawali.

Gulbin nan ne ya ci babanmu ina ƙarami. Ya kama gora zai ƙetare da hauya ɗaure a baya, aka tsinci goran ba a tsince shi ba sai bayan kwana biyu. Shi ya sa da Yaya ya dawo daga kamun kifi a Tafkin Cadi bai zo da rediyo ko keke ba. Ya zo da tsohon inji a cikin buhu, mai buji biyu, wato fulogi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, fentinsa duk ya goge. Ya sa kafinta ya haɗa masa kwalekwalen katako.

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", daga baya ta koma cewa "mai jirgi". Ranar da aka fara ɗora injin, a daminar da ta gabaci waccan, ya bar shi a zaure murfi a buɗe ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar da laya, an ɗinke ta da jar fata, an ɗaure ta da igiyar fata a kan baƙar wayar da ke kai wuta ga bujin sama. Nan ne kawai wurin da igiya za ta iya zagayawa. Bai tambayi kowa ba. Ya tsaya ya dube ta, ya mayar da murfi. Duk wannan damina injin bai yi ko tari ba. Da rani aka rataye shi a zaure, ya sha zafin bazara har ya gaji.

Kwana biyu kafin gayya, Yaya ya ɗauki dattawa kaɗan da ni don a duba gonaki. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da laima, tufafi ma suna manne wa jiki. Mun kai tsakiyar ruwa, inda igiyarsa ta fi ƙarfi, sai muryar injin ta canza. Bugu, bugu, shiru, bugu. Jirgin ya yi rawa, hancinsa ya juya yamma. Yaya ya murɗa maƙura, injin ya yi gurnani amma ƙarfinsa rabi ne, kamar jakin da ke tafiya da ƙafa uku. Ruwa ya ɗauke mu a karkace. Wani dattijo ya fara salati da ƙarfi. Sai da muka wuce mashayar ƙauyen gaba sannan muka kama reshen wata kanya da ruwa ya kwantar, muka ja jirgin gefe. A gefenmu muka fita, ba a ƙetare ba. Kafin azahar labari ya gama gari, kuma kowa ya tuna da babanmu, ko da bai faɗa ba.

Yaya ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Isansin da muke saye, wato fetur, na kwalba ne, ana kawo shi daga kan iyaka, kuma da damina ba a rasa ruwa a ciki. Ya tace shi da ƙyalle, ya zuba a kwano ya bar shi ya kwanta. Babu ɗigon ruwa a ƙasa. Ya kwance buji ya goge su da yashi mai laushi. Sannan ya aika a kira Ɗan Ladi daga Gidan Rumji, makaniken babura, ɗan kawunmu, wato taubashinmu.

Ɗan Ladi ya iso rana tsaka, gari ya buɗe, ƙasa tana tururi. Ya dubi injin ya dubi Yaya.

"Wanga tsoho ka ɗauko daga Cadi? Ai ya girmi kakarka. Ku yi mishi wanka ku kai shi makwanci."

"Kai da ba ka taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba," in ji Yaya. "Gyara ka zo yi ko wa'azi?"

"Ni bawanka ne yau, tunda ba ka da hurar ba ni."

Amma ya san aikinsa. Ya ce inji abu uku yake ci, mai da iska da wuta, kuma sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance karbirato ya wanke ya hura ƙananan ramukanta da baki. Ya kwantar da kowane buji a jikin ƙarfe ya sa na ja igiya, wuta ta yi tsalle shuɗiya a duka biyun. Aka cika duro da ruwa a gindin itacen bedi, aka tsoma ƙafar injin, aka tayar. Ya yi ta bugu lafiya lau, har yara suka taru suna tafi. Ɗan Ladi ya goge hannu, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Ciwon da ke ɓoyewa in ya ga mai magani, shi ne mugu," ya ce. "In ya sake, kada ku kashe shi da sauri. Ku taɓa ku ji wane kai ne ya yi sanyi. Sannan ku musanya bujin. In ciwon ya bi buji, buji ne. In ya zauna inda yake, to ku nemi waya ko bobin, wanda ke aiko wa buji wuta. Kuma ku roƙi Allah kada ya zama bobin, don ko a Maradi sai an sha yawo."

Washegari da sassafe muka ɗora injin a jirgi, a ɗaure a bakin gaɓa. Ja na uku ya tashi, da ɗingishinsa. Yaya ya cire murfi ya taɓa. Kan ƙasa da zafi, kan sama da ɗumi kawai. Bujin sama ya fito a jiƙe da man da bai ƙone ba. Muka musanya su, ciwon ya zauna a sama. Da rana ta take muka sake gwadawa, ya yi lafiya. Nan ne magana ta fara canzawa a gari. Injin da ke lafiya a tudu da rana, ya yi ciwo a ruwa da safe, wasu suka ce ba ciwon ƙarfe ba ne. Gulbi ne bai ƙoshi da gidanmu ba. Aka ɗaga gayya da kwana ɗaya, kuma ko mai gari bai ce zai shiga jirgin ba.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne safiya. Me safiya take da shi wanda rana ba ta da shi? Raɓa, na ce, da laima. Amma tun ranar da ruwa ya ɗauke mu Yaya yake kwana da injin a zaure, murfi a buɗe don ya sha iska, kuma raɓa ba ta shiga zaure.

Ranar gayya na fito alwalar asuba sai na ga Inna tana fitowa daga zaure da ƴar ƙwarya a hannu. Da muka kai injin bakin ruwa na hana Yaya rufe murfi. Layar a jiƙe take sharkaf, da ɗigon baƙin ruwa a kan ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Rubutu ne. Tun da ta ji abin da ya same mu take karɓo shi wurin liman, maimakon ta aika wa ɗanta ya sha, sai ta yayyafa wa layar kowace asuba. Yaya kuma ya zo ya rufe murfi a kan laimar.

Muka tayar. A ƙarƙashin ƙarar injin akwai wata ƙaramar ƙara, tas, tas, kamar ana karya tsinke, kuma tana zuwa daidai inda bugu ke ɓacewa. Gari ya riga ya yi haske, ido ba ya ganin abin da ke yin ƙarar. Yaya ya tuɓe rigarsa muka lulluɓe kawunanmu da gefen injin, ina riƙe da bakin rigar nesa da faifan da ke juyawa a sama. A cikin wannan ɗan duhu muka gan ta. Wuta shuɗiya, siririya, tana fita daga ƙarƙashin igiyar layar tana dira a jikin ƙarfe. Duk tsallen da ta yi, bujin sama ya rasa rabonsa. Fatar ce ta bushe da bazara ta ƙanƙance, ta yanka tsohuwar robar wayar. Idan ta bushe wuta takan bi hanyarta. Idan ta jiƙe sai ta sami gajeriyar hanya.

Yaya ya kashe injin ya zauna a bakin jirgi.

"Kawo wuƙa," na ce.

"A'a."

"Yaya, mutane suna tahowa da hauyoyi."

"Sani, tun da aka haife ni, mi ta taɓa ba ni da hannunta? Wannan ce. Ba ni yanke ta. Sai dai ya yi ta ɗingishi."

Na ce to a jira rana ta busar da ita. Ya girgiza kai. Feshin ruwa a tsakiyar gulbi zai sake jiƙa ta, kamar ranar farko, kuma wannan karon da mata da tsofaffi a ciki. Ya san haka sarai. Ya zauna kawai yana kallon ƙetare.

Na hau tudu. Na sami Inna tana tsame anza. Ni ba ɗan fari ba ne, ina iya faɗa mata magana kai tsaye, amma wannan ban san ta inda zan fara ba. Na ce mata akwai abin da nake so ta gani da idonta a bakin ruwa. Rabonta da mashayar nan tun ranar da aka kawo gawar babanmu. Ta goge hannu ta ɗauki baƙin mayafinta.

Mutane sun riga sun taru a gaɓa, hauyoyi a kafaɗa, babu wanda ya matso kusa da jirgi. Suka buɗa mata hanya. Yaya ya ja igiya ya koma can hancin jirgi ya ba mu baya. Na lulluɓe mu da mayafinta, ni da ita. Ina jin numfashinta kusa da kunnena, da warin anza a hannunta. Tas. Tas.

"Mi ke nan?" ta ce.

"Wutar injin ce, Inna. Nan take zubewa. Ruwa ne ke jawo ta."

"Ruwan da nike zubawa?"

"Da shi, da na gulbi."

Ta ƙara kallo, har wutar ta yi tsalle sau da yawa. Sannan ta janye mayafin ta miƙe.

"Kashe shi. Ba ni aska."

Wani wanzami a cikin taron ya miƙo tasa. Ita da kanta ta yanke igiyar, a hankali, ba ta taɓa layar da kaifi ba. A ƙarƙashi robar ta tsage kamar faso a diddige. Na yanko robar cikin tayar keke na naɗe wurin da kyau, rufi a kan rufi, na ɗaure. Inna tana tsaye da layar a tafin hannu tana juya ta.

"Ni ce ban yi tunani ba," ta ce, ba da kowa take ba. "Ƙarfe ba shi da uwa." Sai ta juyo gare ni. "Gaya wa mai jirgin nan ya miƙo hannu."

Ban gaya masa ba, ya ji. Ya zo ya durƙusa, ya miƙa dantsensa na dama, kansa a ƙasa. Ta yage bakin mayafinta ta ɗaura masa layar, fuskarta a juye wajen tudu, yatsunta suna aikin su kaɗai. Ta ƙulla, ta ja ta ga ya kama.

Injin ya tashi da murya ɗaya. Muka bar shi ya yi ta bugu, na ɗebo ruwa da hannu na watsa wa wayar, bai canza ba. Duk da haka mutane suna tsaye inda suke. Sai Inna ta tattare zane ta taka cikin jirgin ta zauna a kan katakon tsakiya.

"Ni ma ina da gona a ƙetare," ta ce.

Bayan wannan babu namijin da zai iya tsayawa a gaɓa. Yaya ya yi ta kai da kawowa har rana ta ɗaga. Mun yi kwanaki muna maimai, layi guda, hauya tana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin ciyawar da aka tuge yana tashi, makaɗi yana bin mu da ganga duk da shi ma cikinsa babu komai. Wanda jiri ya ɗauka ya zauna a gindin gawo, ya sha farau-farau, ya tashi. Ba duka gonakin muka ceta ba, na can ƙarshen fadama ciyawa ta riga mu. Amma da kaka ta matso, ranar da Rabi ta gasa tumun farko ta murza shi a faifai, yaran gidan suka ci da zafinsa har suna ƙona baki, ba wanda ya hana su.

Ɗan Ladi ya kawo wata waya daga jikin mataccen babur bayan mako guda. Da ya ji labari ya ce da ya sani da ya fara tambayar gwaggonsa kafin ya wahalar da karbirato.

Yanzu Inna ta daɗe da rasuwa. Tsohon injin yana rataye a zaure, zanzaro ya yi gida a cikin murfinsa. Yaran yanzu sun san anza da suna ne kawai, kuma idan inji ya yi musu gardama sukan kira makanike a salula ya saurari ƙarar daga inda yake. Yaya ya tsufa, idonsa ya rage, ba ya shiga jirgi. Nasiru ɗansa na fari ne, kuma ban taɓa jin ya kira sunansa ba.

Da zan koma Maradi bana, Yaya ya raka ni har bakin tsamiya. Gulbi yana ruri, jirgin yana tsakiyar ruwa cike da mata da hauyoyi. Ya tsaya yana saurare, kansa a karkace, na san shi ma giɓin nan yake jira. Sannan ya naɗe hannun riga ya kwance wani abu daga dantsensa. Fatar ta yi baƙi, ta yi santsi saboda gumin shekaru. Ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai.

"In yaron can ya fito, ka ba shi," ya ce. "Ka ce mishi a hannu ake ɗaura ta."